Wai ina "mahaɗin da ya ɓata" tsakanin mutum da biri?

Wani ɗalibi ɗan aji shida na sakandare daga wani ƙauye kusa da Jahun ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, musu ya kaure mana a teburin mai shayi. Yayana ya nuna mana bidiyo a waya, ana cewa shekara fiye da 150 ke nan masana na neman ƙashin halittar da ke tsakanin biri da mutum ba su samu ba, wanda suka taɓa nunawa ma na jabu ne. A aji kuma malaminmu ya ce an samu. Wanne ne gaskiya? Kuma in daga biri mutum ya fito, me ya sa har yau akwai birai?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya maimakon ka tsaya a kan musu. Na fi shekara ashirin ina koyar da ilimin halittu a makarantun karkarar Kano da Jigawa, kuma babu shekarar da wannan tambaya ba ta taso mini a aji ba. Yayanka ya yi gaskiya a abu ɗaya: an taɓa yin na jabu, zan kuma ba ka labarinsa. Malaminka ya yi gaskiya a mafi yawan zancen: an tono ƙasusuwa da yawa masu siffar tsaka-tsaki. Sai dai ita kanta maganar "mahaɗi guda ɗaya da ya ɓata" tun daga tushe a karkace take, shi ya sa musunku ba zai ƙare ba ko da za ku kwana a teburin.

Kalmar mahaɗi tana sa mutum ya hango sarƙa: zobe na farko biri, zobe na ƙarshe mutum, a tsakiya zobe ɗaya ya ɓalle ana nemansa. Wannan tunani ya girmi Charles Darwin, masanin Ingila da ya shahara da ra'ayin juyin halitta. Tsofaffin masanan Turai sun daɗe suna jera halittu kamar matakala, tsutsa a ƙasa, mutum a sama. Zanen nan da ke wasu littattafai, na biri a duƙe yana ta miƙewa har ya zama mutum riƙe da mashi, shi ya ƙara dasa wannan hoto a kan yara. Ni in na ga zanen a littafin ɗalibi, cewa nake ya rufe shi, don ɓatarwarsa ta fi koyarwarsa.

Abin da masana juyin halitta ke faɗa ya fi kama da dangi. Ka ɗauki gidanku. Kai da ɗan baffanka kakanku ɗaya. Ba daga ɗan baffanka ka fito ba, shi ma ba daga gare ka ya fito ba, kuma kasancewarka a duniya ba ta hana shi kasancewa. A ilimin nan, birin cimfanzi da ke dazukan Afirka, har da dajin Gashaka Gumti na jihar Taraba, matsayin ɗan baffa yake da shi. Masanan na cewa zuriyarsa da ta mutum sun rabu daga kaka ɗaya wajen shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kowanne ya kama hanyarsa yana sauyawa. Wannan kakan ba cimfanzi ba ne, ballantana jan birin da ke ɓarnar gyaɗa a gonakinmu, wanda dangantakarsa ta fi nisa sosai. To ka ga amsar tambayarka ta biyu ke nan. Manomi ma ya san irin wannan a gonarsa: geron da muke shukawa daga geron daji na yankin Sahel mutanen da suka samo shi ta hanyar zaɓen iri shekaru dubbai da suka wuce, amma geron dajin bai ƙare ba, ga kuma shibra tana fitowa a tsakankanin shuka da siffar wannan da ta wancan.

Saboda haka in masani ya ce ƙashi kaza na "tsaka-tsaki" ne, abin da yake nufi shi ne halittar ta haɗa tsofaffin siffofi da sababbi a jiki ɗaya, kuma ta rayu a lokacin da ya dace a ga irin wannan haɗi. Ba wai ya rantse cewa wannan ƙashin shi ne kakan wane ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Mai yiwuwa ƙashin na ƙanin kakan ne, wanda zuriyarsa ta ƙare. Duk da haka yana nuna maka yadda mutanen gidan suke a wancan zamani, kamar yadda hoton ƙanin kakanka zai ba ka hasken kamannin kakanka ko da shi bai taɓa ɗaukar hoto ba.

Yanzu ga tarihin neman. Lokacin da Darwin ya fitar da littafinsa kan asalin nau'o'in halittu a 1859, kusan babu komai a hannu. Akwai ƙasusuwan da masu fasa dutse suka tono a kwarin Neander na Jamus a 1856, ana ta gardama ko na wani mai ciwon ƙashi ne. Shi kansa Darwin ya amsa cewa ƙarancin irin waɗannan ƙasusuwa babbar matsala ce ga ra'ayinsa. A 1871 ya yi hasashen cewa a Afirka ya fi kamata a duba, tunda a nan birai mafiya kama da mutum suke zaune. Mutanen zamaninsa da yawa ba su so jin haka ba, sun fi son asalin ya zama Asiya ko Turai. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Eugène Dubois, ya shiga aikin soja musamman don a tura shi yankin da yanzu ake kira Indonesiya ya yi tono. A bakin kogin Solo a tsibirin Jaba ya samu saman ƙoƙon kai a 1891, shekara ta gaba ya samu ƙashin cinya. Ƙoƙon ya fi na kowane biri girma, bai kai na mutum ba, cinyar kuwa ta mai tafiya a miƙe ce. Yau ana kiran wannan nau'i Homo erectus.

Sai na jabun. A 1912 wani lauya mai sha'awar kayan tarihi, Charles Dawson, ya gabatar da ƙoƙon kai da muƙamuƙi da ya ce daga ramin tsakuwa na Piltdown a kudancin Ingila aka tono su. Kai babba irin na mutum, muƙamuƙi irin na biri. Manyan masanan Ingila suka karɓa da murna, don ya yi daidai da abin da suke tsammani, wato ƙwaƙwalwa ce ta fara girma kafin komai, ga shi kuma a ƙasarsu aka samu. Shekara 41 wannan ƙarya ta yi tana yawo. A 1953 Kenneth Oakley da Joseph Weiner da Wilfrid Le Gros Clark suka auna ƙasusuwan, suka duba haƙoran da gilashin ƙara girma, suka ga alamun zarto. Ƙoƙon na mutum ne na 'yan ƙarnoni, muƙamuƙin na birin orangutan ne, an goge haƙoran an shafa musu sinadari don su yi kalar tsufa. Ka lura da abu biyu da masu bidiyo ba sa faɗa. Masana ne suka tona asirin da kayan aikinsu. Kuma abin da ya ƙara jawo zargi shi ne ƙasusuwan gaske da ake ta samu a Afirka da Asiya duk sun saɓa wa na Piltdown. Mai kama jabun kuɗi sai ya san na gaske.

Ɓarnar Piltdown ta fi faɗa wa wani malamin jami'a a Afirka ta Kudu, Raymond Dart. A 1924 aka kawo masa akwatunan duwatsu daga mahaƙar farar ƙasa ta Taung, ya samu ƙoƙon kan wani ɗan yaro a ciki. Ƙwaƙwalwar ƙarama ce kamar ta biri, amma haƙoran fiƙa gajeru ne, kuma ramin da lakar baya ke shiga kai yana can ƙarƙashi. Wannan rami shi ne abin da nake so ka gane da idonka. Ranar da aka yi farfesun kan akuya a gidanku, ka ɗauki ƙoƙon bayan an gama ci, ka duba inda wuya ke haɗuwa da kai. Za ka ga ramin yana ta baya, saboda akuya a kan ƙafa huɗu take tafiya, kanta a gaban jikinta yake. Na mutum kuwa a ƙarƙashin ƙoƙon yake, kusa da tsakiya, don kai a ɗore yake bisa ƙashin baya kamar tulu a kan gammo. Dart ya ce wannan yaro a miƙe yake tafiya, ya sa masa suna Australopithecus africanus a 1925. Masanan Landan suka ce ɗan biri ne kawai. Sai da aka yi shekara ashirin da wani abu, bayan Robert Broom ya tono manyan irinsa a kogon Sterkfontein, sannan aka yarda Dart ne mai gaskiya.

Daga nan abubuwa suka yi ta fitowa. Wadda ta fi suna ita ce Lucy, wadda Habashawa ke kira Dinkinesh. Donald Johanson da abokan aikinsa suka same ta a Hadar ta ƙasar Habasha a watan Nuwamban 1974, kusan kashi 40 cikin 100 na kwarangwal ɗinta, mai shekara miliyan 3.2. Tsawonta bai fi mita 1 da 'yan kai ba. In ka dubi kanta da dogayen hannuwanta da yatsun irinta masu ɗan lanƙwasa, sai ka ce mai hawan bishiya ce. In ka dubi ƙugunta, gajere mai faɗi kamar akushi, da ƙashin cinyarta da ya karkato ciki har gwiwoyi suka dawo ƙarƙashin jiki, sai ka ce mai tafiya da ƙafa biyu ce. Cinyar cimfanzi a miƙe take sauka, shi ya sa in ya tashi tsaye yake tangaɗi hagu da dama. Idan wannan haɗin ba tsaka-tsaki ba ne, to me ake nema?

A 1978 kuma ayarin Mary Leakey ya gano sawun ƙafa a Laetoli ta Tanzaniya. Wani dutse mai aman wuta ya zubar da toka, aka yi yayyafi, halittu suka bi ta kai, tokar ta bushe ta yi tauri, wata tokar ta rufe ta. Shekara wajen miliyan 3.6 ke nan. A cikin sawun akwai na masu ƙafa biyu, da dunduniya ta nutse sosai, babban yatsa a jere da sauran, ba a ware gefe kamar na biri ba. Duk wanda ya taɓa bin sawun ɓarawon akuya a kan yashi bayan ruwan sama ya san sawu ba ya ƙarya game da yadda mai shi ke tafiya. Wannan sawun ne ya fi taɓa ni a duk ilimin nan, don a nan tafiyar kanta kake gani, taku bayan taku.

Ga abin da ya rushe tsammanin mutanen Piltdown: ƙafa ce ta riga kai. An yi shekaru miliyoyi ana tafiya a miƙe da ƙaramar ƙwaƙwalwa. Bari in auna maka da ledar fiya wata, mai rabin lita. Ƙwaƙwalwar cimfanzi ba ta cika leda ɗaya ba. Ta irin su Lucy ma kusan haka take, ko ta ɗara kaɗan. Ta Homo habilis, wanda su Louis Leakey suka sa wa suna a 1964 daga ƙasusuwan kwarin Olduvai na Tanzaniya, ta haura leda ɗaya. Ta yaron Turkana, wanda Kamoya Kimeu, ƙwararren mai neman ƙashi ɗan Kenya, ya gano a 1984, ta kusa cika leda biyu, shekarunsa wajen miliyan 1.5, jikinsa daga wuya zuwa ƙasa kuwa dogo ne siriri kusan irin namu. Tamu ta yau ta kusa leda uku. In aka jera maka ƙoƙunan nan a kan tebur bisa tsarin shekarunsu, aka ce ka ja layi inda "biri" ya ƙare "mutum" ya fara, hannunka zai yi ta kai da komowa.

Su ma masanan hakan ke faruwa da su, kuma daga nan ne ake samun gardamar da masu bidiyo ke yankowa. Wani ya ce habilis a sa shi cikin Homo, wato rukunin mutum, wani ya ce a mayar da shi cikin Australopithecus, rukunin su Lucy. Ana ɗaukar wannan a matsayin shaidar rauni, ni kuwa a ganina shaidar ƙarfi ce. Ka tashi daga Kano ka bi ta Katsina da Zamfara har Sakkwato kana sauraren Hausar kowane gari. Ba za ka iya nuna ƙauyen da Kananci ya tsaya Sakkwatanci ya fara ba, alhali kowa ya san su biyun sun bambanta. Inda sauyi ke tafiya a hankali, sa suna ne ke wahala. Da a ce kowane ƙashi da aka tono ko dai biri ne sak ko mutum ne sak, da babu abin da za a yi gardama a kai.

Akwai wanda ya fi kusa da mu a wuri, kuma ina mamakin yadda yaranmu ba su san shi ba. A watan Yulin 2001, a hamadar Jurab da ke arewacin Chadi, wani ɗan Chadi mai suna Ahounta Djimdoumalbaye, cikin ayarin masanin Faransa Michel Brunet, ya tsinci ƙoƙon kai a cikin yashi. Aka sa masa suna Tumai, wato fatan rayuwa a harshen Gorane, a ilimance kuma Sahelanthropus tchadensis. Shekarunsa wajen miliyan 7, dab da lokacin da ake cewa zuriyoyin biyu sun rabu. Ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, ƙashin girarsa mai kauri, amma fiƙoƙinsa ƙanana ne kuma ramin nan na wuya ya matso gaba. Har yanzu masana na jayayya kan ko da ƙafa biyu yake tafiya, don ƙashin cinyar da aka samu a wurin wasu sun karanta shi haka, wasu sun ce a'a. Haka ya kamata, tunda duk ƙashin da ya matso kusa da mararraba dole ya yi wuyar rarrabewa. A tare da shi an samu ƙasusuwan kifi da kada da dorinar ruwa, abin da ke nuna hamadar nan a da bakin tafki ce. Sai kuma Ardi ta Habasha, mai shekara miliyan 4.4, wadda aka bayyana cikakken bayaninta a 2009: babban yatsan ƙafarta a ware yake don kama reshe, saman ƙugunta kuwa ya fara ɗaukar siffar mai tafiya a ƙasa.

Abin da ya ƙarasa kashe maganar sarƙa shi ne gano cewa nau'o'i da yawa sun rayu a lokaci ɗaya. Wajen shekara 300,000 da suka wuce, akwai masu fuska irin tamu a Jabal Irhud ta Maroko. A daidai wannan zamani akwai Homo naledi a Afirka ta Kudu, mai ƙwaƙwalwar da ba ta fi leda ɗaya da ɗan ƙari ba, wanda aka kwaso ƙasusuwansa fiye da 1,500 daga kogo ɗaya tun daga 2013. Dangin Neandertal, wato irin masu ƙasusuwan nan na kwarin Neander, na Turai da yammacin Asiya, erectus na nan a Jaba. A tsibirin Flores kuma an gano wasu gajeru masu tsawon mita ɗaya a 2003. Rassa ne birjik, duk suka bushe sai ɗaya. Wasu rassan ma sun sake haɗuwa: a 2010 Svante Pääbo da ayarinsa suka karanta ƙwayoyin gadon Neandertal daga tsohon ƙashi, suka ga mutanen Turai da Asiya na yau na ɗauke da wani ɗan kaso daga gare su, wanda yanzu ake ƙiyasta shi wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2022.

Za ka ce, ta yaya aka san shekarun? Mai haƙa rijiya ya san rabin amsar. Yana wuce jar ƙasa, ya iske yashi, ya iske laka, ya iske marmara, kuma ya san na ƙasa ya riga na sama kwanciya. Wannan ke ba da jeri. Adadin shekaru kuwa daga sinadarai ake samunsa. Akwai nau'in kabon da ke cikin duk abu mai rai, wanda rabinsa ke narkewa duk shekara 5,730 bayan mutuwa. Da shi aka auna kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a jihar Yobe a 1987, aka ga ya kai shekara wajen 8,000. Amma kabon ba ya aiki bayan shekara kamar 50,000, don haka duk wanda ya ce maka da kabon aka auna Lucy bai san zancen ba. Don miliyoyin shekaru tokar dutse mai aman wuta ake aunawa. A cikinta akwai wani nau'in sinadarin fotasiyam da ke rikiɗewa a hankali, rabinsa a cikin shekara biliyan 1.25, wani ɓangarensa yana zama iskar agon. Lokacin da dutsen ya yi aman, zafi na korar duk tsohon agon, kamar an juye bokitin da ke ƙarƙashin famfo mai ɗiga. Daga ranar sai ya fara taruwa sabo. In ka san saurin ɗigar, ka auna abin da ya taru, ka san yaushe aka juye bokitin. Ƙashin da ke kwance tsakanin toka biyu, shekarunsa na tsakanin nasu.

Giɓi kuwa akwai shi, kuma ba zai taɓa ƙarewa ba. Ka tuna jakin da ya mutu a bayan gari da rani. Ungulu da karnuka sun ci, rana ta farfasa ƙashin, shanu sun tattake, kafin damina biyu babu alama. Kafin ƙashi ya zama dutse sai laka ko toka ta binne shi da wuri, irin yadda ambaliyar kogin Haɗeja ke binne abu, sannan ruwan ƙasa ya yi ta shigar da ma'adinai cikinsa, sannan bayan miliyoyin shekaru zaizaya ta fito da shi a daidai lokacin da mai ido ke wucewa. A dajin kurmi ƙasa na cinye ƙashi, shi ya sa na kakannin cimfanzi kusan babu, sai 'yan haƙoran da aka bayyana daga Kenya a 2005. Mai neman musu kuma kullum yana da mafita: in babu komai tsakanin biyu ya ce ga giɓi ɗaya, in ka kawo masa na tsakiya ya ce yanzu giɓi biyu ne. Gwajin da ya fi wannan adalci shi ne a tambaya ko ilimin na iya faɗin inda za a samu abu kafin a same shi. Neil Shubin da abokansa sun lissafa cewa halittar da ke tsakanin kifi da dabbobin tudu ya kamata ta kasance a duwatsun tsoffin koguna masu shekara wajen miliyan 375. Suka duba taswira, suka tafi tsibirin Ellesmere a can arewacin Kanada, suka yi shekaru suna nema, a 2004 suka samu Tiktaalik: kifi mai ɓawo, amma mai wuya tsakanin kai da jiki, da ƙasusuwa irin na hannu a cikin fiffikensa na iyo. Hasashen Darwin game da Afirka ma irin wannan ne.

Ko da babu ƙashi ko ɗaya, akwai shaida a cikin jini. Mutum na da kuromozom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, tagwaye 23, cimfanzi da gorila 24. Da aka bincika kuromozom na 2 na mutum, sai aka ga alamar ɗinki a tsakiyarsa, inda guda biyu suka haɗe baki da baki, kuma kowane ɓari ya yi daidai da wani kuromozom na cimfanzi. An bayyana wurin ɗinkin a 1991.

Na san abin da ke ƙarƙashin musunku, ɗana, ko da ba ka rubuta ba. Ni ma Musulmi ne, a makarantar allo na fara karatu. Abin da na zayyana maka shi ne abin da aka tono, da yadda aka auna shi, da yadda masana fannin ke fassara shi, kuma shi za a tambaye ka a jarrabawa. Maganar halittar Annabi Adamu, alaihis salam, da ruhi, da yadda za a fahimci nassi a gaban waɗannan abubuwa, fage ne na malaman addini, sun kuma yi rubutu a kai ta fuskoki daban-daban. Ka kai musu tambayar cikin ladabi. Abin da nake roƙonka da yayanka shi ne kada ku jingina imaninku da cewa "ba a samu ƙashi ba". An samu, yana ajiye a gidajen tarihi na Addis Ababa da Nairobi da Njamena. Na ga yaran da aka rena a kan wannan magana, suka je jami'a suka ga hotunan ƙasusuwan, sai suka fara zargin duk abin da manyansu suka taɓa faɗa musu. Wannan ya fi damuna fiye da kowace gardama.

Wataƙila ka ce me ya sa ba a samun irin wannan a ƙasarmu. Yawancin ƙasar Kano tsohon dutse ne mai tauri, irin na fa da muke gani a Birnin Kudu da Dutse, wanda ba ya adana ƙashi. Arewacin Jigawa kuwa, wajen Haɗeja da Gumel, shimfiɗar tsohon kwarin tafkin Chadi ce, amma yashi ya rufe ta, babu tsagewar ƙasa irin ta gabashin Afirka da za ta buɗe shimfiɗun a gani. Masu nema ma ba su da yawa a Afirka ta Yamma. Duk da haka a 1965 Thurstan Shaw ya tono kwarangwal a ƙarƙashin dutsen Iwo Eleru kusa da Akure a jihar Ondo, mai shekara wajen 13,000, kuma ƙoƙonsa dogo ne mai kwantaccen goshi, siffar da ta fi kama da ta mutanen da suka girme shi nesa ba kusa ba. Wannan ɗaya tak ya sa masana sake tunani kan tarihin yankinmu.

Don haka in wata rana ana haƙar rijiya ko kududdufin bulo a garinku aka ci karo da ƙashi mai nauyi kamar dutse, ko dutsen da aka sassaƙa shi da baki mai kaifi, kada a wanke shi, kada a fasa don a ga cikinsa. Ka ɗauki hotonsa a inda yake kwance, ka auna zurfin ramin, ka rubuta irin ƙasar da ke samansa da ƙasansa, don ƙashin da aka raba da shimfiɗarsa ya rasa rabin labarinsa. Sannan ka sanar da mai gari, a kai labari gidan tarihi na Gidan Makama a Kano ko sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ka gaishe mini da yayanka, ka ce masa in an yi farfesun kan akuyar ku duba ƙoƙon tare.